Kunnen Masta Gyamfi

A Magazin, unguwar kanikawa ta Kumasi, inda ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji tarin kansa, da kunne aka san Masta Gyamfi. Gyaran giyabos na otomatik shi ne aikinsa tun gashin kansa yana baƙi. A cikin kayan akwai kwanbata, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi kamar ƙwarya biyu da aka kifa, wadda ake zurawa a bakin giyabos kafin a haɗa shi da inji. Juya ta ake yi ana turawa, tana shiga daki-daki, har ta yi faɗuwar ƙarshe ta kama famfon mai. Wanda ya yi garaje ya ɗaure noti ba ta zauna ba ya fasa famfo, mota kuma ko motsi ba za ta yi ba. Sauran kanikawa sukan gitta miƙaƙƙen ƙarfe su auna zurfinta. Gyamfi dariya yake musu, don shi rufe ido yake yi ya saurara.

Matarsa, Maame Pokuaa, a bakin rumfarsa take sayar da dokunu, wato tuwon masara na can, da soyayyen kifi. A nan suka haɗu, ya zo cin bashi da baƙin mai har gwiwar hannu, ta ce ya je ya wanke kafin ya taɓa mata kwano. Tun daga ranar ba su daina faɗa ba, kuma duk Magazin an san idan ka shiga tsakaninsu kai za ka ji kunya.

Sai tsufa ya zo, ya fara da abin da Gyamfi ya fi taƙama da shi. Kunnen ya dushe a hankali. Bai gaya wa kowa ba. Idan aka yi magana sai ya gyaɗa kai, idan aka yi dariya ya taya. A damina ya fasa famfon wata mota, karon farko a rayuwarsa, ya ɗora wa kayan gwanjo laifi. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya fi na kwanbatar.

Ana nan amininsa Oduro direba ya rasu. Oduro yana da wata tsohuwar mota da ya fi ƙauna fiye da wasu 'yan uwansa, giyabos ɗinta ya mutu tun yana kwance. Ya riƙe hannun Gyamfi a asibiti ya ce, "Ranar da za a kai ni gida, ita za ta shige gaba." Dangi suka sa jana'iza ranar Asabar a garinsu Mampong. Da ƙyar aka tono giyabos irin nata guda ɗaya tak a duk Magazin, ya iso ranar Juma'a da hantsi. Idan famfon wannan ya fashe, babu wani, gawar Oduro za ta hau dutsen Mampong ba motarsa.

Gyamfi ya cika kwanbata da mai, ya shafa wa wuyanta, ya rungumo ta ya zura. Ya rufe ido ya juya. Ta shiga. Ya sake juyawa, ta ƙara shiga. Ya tura, ta cije. Zuciyarsa ta ce ta zauna, kunnensa bai ce komai ba. Tsoro ya kama shi, amma kanikawan maƙwabta suna kallo, ɗauko ƙarfen awo kuwa a gabansu ya fi masa mutuwa ciwo. Ya miƙa hannu ya ɗauki sifana.

Ludayi ya sauka a bayan hannunsa. Maame Pokuaa ce tsaye a kansa, ta sunkuyo har ya ga bakinta.

"Ajiye, tsoho. Da saura."

"Koma wajen kifinki! Yaushe kika zama bakanike?"

"Tun ranar da na auri ciwon kai. Shekara nawa ina jin ƙarar nan daga bakin murhu? Ta ƙarshen kamar an dire turmi take. Yau ban ji an dire turmi ba."

Ya harare ta, ta rama. Sai ya ajiye sifanar, ya ɗan ɗaga kwanbatar ya juya ta sannu-sannu. Can ta zame ciki da nauyinta. Bai ji komai ba, amma girgizar ta ratsa wuyan hannunsa, ya ga matarsa ta lumshe ido ta gyaɗa kai. Ya tashi da kansa ya aro ƙarfen awo a rumfar maƙwabci, ya gitta a gaban kowa. Babu wanda ya yi dariya. Da aka ɗaure giyabos ya zura yatsa ya taɓa kwanbatar, ta juya sakayau.

Da la'asar motar Oduro ta fita daga rumfa da ƙafarta. Gyamfi ya zauna kan tsohuwar taya yana goge hannu, ya kasa kallon matarsa.

"Pokuaa, ba na ji."

Ta matso kusa. "Na sani. Tun da ka daina cewa waƙata ta coci tana korar kwastoma."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa in yi asara? Kullum idan ka juya baya sai in gaya maka abin da ban taɓa iya faɗa a gabanka ba."

"Zagi ke nan."

"Wani lokacin."

Ranar Asabar ya yafa baƙin zanensa na makoki ya ja motar a gaban gawa, hoton Oduro a manne a gilashi, Pokuaa tana gefensa. Da suka kama hawan dutse ya ji giya ta canza a tafin ƙafarsa, lafiya lau, hawaye suka zubo masa. Bai share ba.

"Abin nan da kike faɗa a bayana," ya ce, idonsa a kan hanya. "Faɗa yanzu, tun ina da sauran kunne."

Ta gyara ɗankwalinta, ta kai bakinta daidai kunnensa ta faɗa da ƙarfi, ba kuwa zagi ba ne, har dangin Oduro da ke kujerar baya suka sunkuyar da kai don kunya.