Esin Motar Baba

Tun muna yara muka san esin motar Baba, wato na'urar sanyaya ta, ba ya aiki. Tsohuwar mota ce mai launin madara da dogon hanci, kujerunta kuwa in bazara ta yi sai su ƙona maka cinya. Mu huɗu a baya muna ta zufa, Mama a gaba tana fifita da gefen mayafinta. In mun dame shi sai ya ce, "Ya lalace. Ku sauke gilas." Na ji haushin Baba a kan wannan ba kaɗan ba, har marowaci na sha kiransa a zuciyata.

Bayan rasuwar Mama da shekara biyu ciwon zuciya ya kama shi. Likita ya ce a riƙa kawo shi duk mako, kuma a kiyaye shi da zafi, don yana tayar masa da haki. Baba ya kafe, shi ba zai shiga motar kowa ba sai tasa. A baya ma ya zauna, don kujerar Mama ba ya yarda kowa ya hau, har shi kansa. Ranar farko cunkoso ya tsare mu a Kawo, na waiga na gan shi yana jan numfashi da kyar, riga sharkaf. Na tsorata ƙwarai. Washegari ban shawarce shi ba, na ɗauki makulli daga Badarawa sai Mando, wurin wani dattijo mai gyaran esi.

Dattijon ya buɗe bonet, ya daɗe a duƙe, ya sa hannu ya juya kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin esi. Sai ya ɗago.

"Hajiya, wa ya ce miki wannan ya lalace? Ai bel ɗin da ke juya shi ne babu."

Da ya shiga but neman jak, sai ga bel ɗin ƙarƙashin safayar taya, a naɗe cikin tsohuwar jarida, ko gogewa bai yi ba. Kwance shi aka yi aka adana.

Aikin ya ci kwana uku. Tiyoyin sun bushe sun tsattsage saboda zama, irin gas ɗin da motar ta zo da shi kuma an daina samunsa, sai da aka wanke bututai aka zuba na yanzu, aka sa sabon bel. Ni dai duk kwanakin nan ina ta tafasa. Da na koma gida na ajiye wa Baba tsohon bel ɗin a kan tabarma.

"Baba, ashe duk zufar nan da muka sha da gangan ne?"

Ya kalle shi, ya ce, "Mahaifiyarku sanyin nan na tayar mata da ciwon ƙirji. In ta shiga, kwana take tari. Amma da kun yi kuka sai ta ce a kunna wa yara. Na ga ba za ta taɓa ce muku a'a ba. Na ce gara ku ji haushina ni."

Kunya ta rufe ni. Tsorona kuma kada ya ce a kwance sabon ma.

Ranar asibiti na taimaka masa ya shiga baya, na ɗaga gilasai, na kunna. Sanyi ya fara fitowa a hankali. Muka shiga cunkoson Kawo ina satar kallonsa ta madubi. Numfashinsa lafiya lau, har ya jingina kai ya lumshe ido. Na yi hamdala.

Sai na ji ya ce, "Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ki rufe na ɓangarenta."

Na miƙa hannu na rufe kafar sanyin da ke gaban kujerar Mama.