Kukan da Na Ƙi Waiwayawa

Edita, ni mace ce mai son zaman gida da hira, karatuna bai wuce firamare ba. Amma Allah ya ba ni kunne: in yaro ya yi kuka, na san na yunwa ne ko na ciwo ko na shagwaɓa. Shi ya sa wata ƙungiyar cocinmu ta ɗauke ni aikin bin gidaje a cikin birnin Zariya, ina duba yara masu tamowa. Da safe in yafa gyalena in shiga lungunan Ƙofar Kibo, in yi sallama a zaure, matan gida su yi ta tsokanata wai ga Antin awo ta zo auna hannun 'ya'yansu kamar mai sayen rake.

Shugabarmu ta sha faɗa mana mu kashe wayar aiki ƙarfe biyar, ranar Lahadi kuma mu huta. Sau ɗaya na bi maganarta. Ranar nan ina coci wata uwa ta yi ta nemana ba ta samu ba, kafin Litinin 'yarta da nake dubawa ta rasu. Yarinyar tana da wani irin kuka siriri, mai shessheƙa biyu a ƙarshe. Daga nan ban ƙara kashe waya ba, na raba lambata gida-gida, na ce a kira ni ko ina kan tuwo. A ganina hutu rashin tausayi ne, Kirista kuwa ba ya gajiya da alheri.

Bayan wata biyu na fara jin kukan nan. Da rana tsaka, ba mafarki ba. Ina jin sa a cikin ƙarar injin markaɗe, ina jin sa a wani kango da ba kowa sai awaki, har a tsakiyar waƙar zumuntar mata a coci, da shessheƙarsa biyu. In waiwaya, ba kowa. Wata tsohuwar Hajiya da ke ba ni fura ta lura, ta riƙe hannuna ta ce 'yar nan in je gida in kwanta, ta ga ina amsa kiran da ba a yi ba. Na yi dariya na ce mata rana ce. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, sai na koya wa kaina dabara: in kukan ya taso, in ɗaga murya da waƙar yabo har ya wuce.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, kukan ya taso daga ɗaki. Na ɗaga waƙa. Ya ƙaru, na ƙara. Da ya yi shiru har na gode wa Allah. Sai ga maƙwabciyata ta faɗo gidan ba ko ɗankwali, tana tambayata ko na kurumce ne, tun ɗazu suke jin kukan yarinya ta katanga. Autata ce, 'yar shekara biyu, zazzaɓi ya hau kanta, idanu sun kafe, tana jijjiga a kan tabarma. A asibiti aka ceto ta, amma har yau tana jan ƙafar hagu. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ya yi, yaya aka yi na san kukan 'ya'yan birni duka ban san na tawa ba.

Likita ya ce gajiya ce da baƙin cikin da na haɗiye, ba aljani ba. Na yi jinya, na koma aiki, amma yanzu ƙarfe biyar nake miƙa wayar ga mai karɓata, kuma yaran ba su rasa mai zuwa ba. 'Yan'uwana masu wannan aiki, ba ku ne Mai Ceto ba, 'yan aike ne ku. In kun fara jin abin da wasu ba sa ji, ku faɗa da wuri, ku huta. Ni sai da na ga 'yata tana koyon tafiya karo na biyu sannan na yarda.