Damana, da Zancen Kululun Mama

Sallar asuba kawai muka jira, muka bar Filinge a kan raƙuma, ni ungozomar likita da malamin allurarmu, muka nufi Damana ranar kasuwa. Raƙumina bai yarda da ni ba, ni ma ban yarda da shi ba, haka muka yi ta tafiya cikin yashi. Gero ya yi kai ko'ina, saura kaɗan a yanka.

Abin da ya fito da mu ciwon daji ne. Matan ƙauye ba su zuwa wurinmu sai mama ya fashe yana wari, lokacin da ko likitan Yamai ba shi da abin yi.

A kasuwa fura ta yi arha, nono har ana roƙonka ka ɗanɗana. Na bar abokin tafiyata da maza, na bi mata bakin rijiya. Na ce kowace ta riƙa shafa mamanta da hammatarta in tana wanka, in ta ji kululu, ko jini na fita, ta zo. Suka yi ta dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, abin da ba ya zafi, mi za a kai wa likita?" Na ce, "Inna, wanda ba ya zafin shi ne abin tsoro." Dariyar ta ragu.

Ina barin rijiyar wata Bafulatana mai tallan nono, da goyo a bayanta, ta biyo ni bayan rumbu, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Kululu ne kamar ƙwayar gyaɗa, mai tauri. Ta ce haka na uwarta ya fara, wanzami ya tsaga, ba ta ga damina ta gaba ba.

Muka sami mijinta a wurin shanu, na ce masa sai an kai ta Yamai a duba ta. Ya ce a bari sai bayan kaka. Na ce, "Malam, abin nan bai san kaka ba." Ya daɗe yana kallon matarsa da goyonta, sannan ya je ya kwanto jaki.

Tare muka dawo Filinge washegari, kuma motar da ta tafi Yamai ta tafi da ita. Har yanzu ban ji labarinta ba, ina dai addu'a. Na sha jin haushin masu zuwa a makare. A Damana na gane ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abu marar zafi yana kisa.