Gyambon da ya cinye mini ƙafa

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki na wannan shafi. Na daɗe ina karanta naku ban ce komai ba. Ko jikokina sun ɗauka a haɗarin mota na rasa ƙafata. Yau zan faɗi yadda aka yi.

Sunana Buba. Zamanin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa a Gombe yana gini, ni direban babbar mota ne, ina ɗauko siminti. Motar ta yayana ce, Hamma Sale. Gida ɗaya muke da shi a unguwar Madaki.

Tun ina yaron mota ruwan lagireto ya ƙone mini ƙwauri. Wurin bai taɓa warkewa sosai ba. Ya rufe, ya buɗe, ya kumbura, ya yi zafi. In ɗaure da tsumma in hau mota. Haka na yi shekaru.

Sai ya canja. Bakin gyambon ya yi tauri ya tashi, yana jini da wari. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi ta ƙi komawa.

Sai rama. Ina cin abinci amma kamar a rami nake zubawa. Daga baya ma cin ya gagara, loma biyu na ƙoshi. Kullum da yamma zazzaɓi. Agogona ya riƙa zamewa har gwiwar hannu.

Ranar da na kasa taka kuloci, Hamma ya karɓi makulli ya ba wani. Da wari ya yi yawa, ya sa aka mayar da ni ɗakin da ke kusa da turken awaki. Surukina ya zo ya tafi da matata Hajara, wai sai na samu sauƙi. Ba ta dawo ba.

Wata rana an yi miyar nama, ina jin ƙamshi daga kwance. Na ji Hamma yana ce wa matarsa, "A bar sa masa nama. Ba ya zama a jikinsa, ɓarna ce. Koko ya ishe shi."

Bai rage murya ba. Ya san ina ji.

Wanda ya fitar da ni daga ɗakin nan Yohanna ne, makanikinmu, mutumin Kaltungo da ke zaune a unguwar Herwagana. Ya zo tambayar abin da ya sa ya daina ganina a gareji. Ya leƙo ɗakin ya gan ni. Washegari ya goya ni zuwa tasha, muka hau jirgin ƙasa zuwa wani babban asibiti.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka yanki ɗan nama a bakin gyambon aka aika gwaji. Kowace safiya nas ta wanke wurin da ruwan gishiri, ni kuwa in ciji bargo. Mutumin da ke gadon kusa da ni ya roƙa a matsar da shi saboda warina. Aka matsar.

Da sakamako ya fito likita ya ce ciwon daji ne. Ya ce naman da ya daɗe yana kumburi yana ƙoƙarin warkewa shi ne ya rikiɗe. Kuma kumburin bai tsaya a ƙafa ba, ya bi jini, ya kashe mini son abinci, jikina ya koma yana ƙona naman kansa.

"Ba ƙin cin abinci kake yi ba, Malam Buba," in ji shi. "Ciwon ne yake cin ka. Ƙafar za mu cire, da kaluluwar, kafin ya wuce nan."

Magani gwamnati ke bayarwa a lokacin, amma jini sai ka kawo mai ba ka. Yohanna ya koma Gombe ya sami Hamma. Hamma ya ce ba zai ba da jininsa ga wanda ya riga ya gama ba, in na cika a aiko masa. Sai Yohanna ya kwaso makanikan garejinsu, su suka ba ni.

Bayan aikin na farka ina jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su.

Bayan 'yan makonni zazzaɓin ya tafi. Wata safiya na ji yunwa, yunwa ta gaske, na cinye kwanon tuwo ina kuka.

Na dawo Gombe da sanduna. Hamma ya dubi ƙafar wandon da aka naɗe, ya tambaya wa zai riƙa ciyar da ni yanzu. Ban kwana a gidan ba. A garejin Yohanna na koyi gyaran wayar mota a zaune, da wannan sana'ar na sake aure na rene 'ya'ya.

Alhamdulillah. Na gode wa likitan nan da nas-nas ɗinsa. Yohanna ya rasu, amma 'ya'yansa suna wannan shafi, ina so su san irin uban da ya haife su.

Shawarata: duk ciwon da ya yi watanni bai warke ba, ko bakinsa ya yi tauri, ko kana rama ba dalili, kada ka tsaya ɗaure shi da tsumma. Ka je a yanki ɗan nama a duba. Masu jinya kuma ku daina yi wa mara lafiya faɗa don bai cinye abinci ba, ku ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Ni na je a makare. Ku je da wuri, ku dawo gida da ƙafafunku.