Waƙar Turmin Liyatu

Ni Asta ban taɓa taka ƙofar aji ba, amma akwai Turancin da ko daga barci aka tashe ni zan zuba shi tiryan-tiryan. A bakin turmi na koye shi, wajen maƙwabciyata Liyatu.

Shekarar da aka jefa ƙuri'a, ko mu bi Najeriya ko Kamaru, suka sauko Mubi daga duwatsun Michika, ita da mijinta Seth. Zana ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shi ƙaramin malamin makaranta ne, ba shi da takardar koyarwa. Ita kuwa ta gama aji bakwai a makarantar mishan, ta fi kowa Turanci, kuma burinta ɗaya ne a duniya: ta shiga kwalejin horon malamai, ita ma ta riƙe alli.

Seth ya sha faɗuwa jarrabawa, kullum a rami ɗaya. Sai a ba shi jimlar Turanci mai kuskure a ce ya gyara, shi kuwa bawan Allah bai san yadda ake faɗin aikin mutum ɗaya da na mutane da yawa ba, duk cakuɗa su yake. Sai suka ƙulla alkawari irin na gayyar noma a garinsu, yau gonarka, gobe tawa. A gabana ya dafa ƙirji ya ce, "Maman Ƙauna, ki fitar da ni. Ina ci, ke ce ta gaba. Adda Asta ce shaida."

Liyatu akwai dabara! Ta kira ni da taɓaryata. Idan ta daka ita kaɗai sai ta rera, "She pounds!" Idan na shiga muka haɗa, sai mu ce, "They pound!" Daga daka mu koma girki, mu koma ɗiban ruwa a mayo, wato rafi, shi yana zaune a tabarma yana amsawa yana zufa. In ya yi kuskure ta tsayar da taɓarya, ba a ci gaba sai ya gyara. Dawa kam ta sha daka a daminar nan.

Ya ci jarrabawa. Mun yi guɗa har muryata ta dushe.

Daga nan aka shiga "bari". Bari a yaye Ƙauna. Bari ƙaninta Dawuda ya fara tafiya. Bari yaƙin basasa ya ƙare. Ana cikin bari ya zama hedimasta, ya kai waƙar turmi makaranta, yara suna buga benci suna rerawa, gari ya ɗauka wai waƙar Malam Seth. Liyatu dariya kawai ta yi. Ni ban yi ba, raina ya ɓaci.

Bayan yaƙi gwamnati ta nemi sababbin malamai da yawa, har da matan aure, aka ce a makarantar Seth za a yi jarrabawar shiga. Shi da kansa ya turo mata 'yan mata gida ta shirya su, ya ce ita ma ta shirya. Wayyo, da kun ga Liyatu a lokacin! Tana tuƙa tuwo tana gyaran jimla, ta koma tamkar yarinya. Ana gobe jarrabawa na yi mata kitso, da safe ta ɗaura sabon zane, na raka ta.

Muka tarar da shi a ƙofar aji yana shigar da mutane. Ya dube ta kamar baƙuwa.

"Maman Ƙauna, me ya kawo ki?"

"Jarrabawa, Malam. Yau gonata ce."

"Haba dai. Matar hedimasta a benci ɗaya da yaran da na koyar? In kin faɗi ina zan sa fuskata? In kin ci wa zai riƙe gida? Ban ba da sunanki ba."

Yaran da ya koyar! 'Yan matan duk suka sunkuyar da kai, don sun san a tabarmar wa suka zauna. Ni kuwa na matsa gabansa. Na ce, "Malam Seth, ka ji tsoron Allah! A gabana ka yi alkawari."

Ya ce, "Adda Asta, wannan maganar makaranta ce, ba ta turmi ba." Ya juya ya rufe ƙofa.

Tir! Har in mutu ba zan manta ƙarar ƙofar nan ba. Cin amana ne, kuma na faɗa masa a gaban jama'a, zan sake faɗa.

Liyatu ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa wata yarinya da ta makara fensirinta, muka taho gida. Ba ta bar Seth ba, ta riƙe gidansa, ta ga Ƙauna ta zama malama. Amma da yammar ranar nan, da ta fito da turmi, na ɗauko taɓaryata na shiga don in faranta mata rai, na rera, "They pound!"

Ta tsayar da taɓarya, kamar yadda take yi in an yi kuskure.

Ta ce, "Adda Asta, daka kawai."

Tun daga ranar shiru muke daka.