Hoton Zuciyar 'Yar Farina

Ba na faɗin sunanta. 'Yar farina ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabonta. Haka na taso na ga uwata na yi, haka ni ma na yi. Ko yanzu da babu wanda zai ce na yi rashin kunya, bakina ya riga ya saba. "Yarinyar nan" nake cewa.

A unguwar Dogo Nini muke zaune a lokacin, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Maigidana dillali ne a kasuwar shanu ta Potiskum. Iyayensa makiyaya ne, shi ne ya fara zama cikin gari. Mutum ne da zai hango bijimi daga nesa ya ce maka wannan huhunsa ba lafiya, kuma idan aka yanka a tarar haka ne. Amma 'yarsa ta kai shekara biyar tana haki a gabansa bai gane komai ba. Ni ma ban gane ba. Goggo, wato surukata, ta ce haƙori ne, da haƙora suka gama fitowa ta ce iska ce. An yi turare, an sha rubutu, an jiƙa sassaƙe kala-kala. Yarinya dai ba ta girma, kowace damina sai tari ya kwantar da ita, har ƙaninta ya kamo ta a tsawo ya wuce.

Wani likita a garinmu ne ya ɗora abin saurare a ƙirjinta, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce yana jin wata ƙara da bai kamata a ji ba, mu tafi wani babban asibiti inda suke da na'urar leƙa zuciya. Tafiyar yini ce a mota, ga wahalar fetur ta shekarun nan. Mu uku muka tafi.

A wani ɗaki mai sanyi aka kwantar da ita. Likitan can, wani dogo mai magana a hankali, ya shafa mata wani mai a ƙirji, ya riƙa yawo da wani abu kamar kan taɓarya ƙarama a kan haƙarƙarinta. A allon da ke gefe wani abu mai launin toka yana buɗewa yana rufewa. Ya ce zuciyarta ce. Ni da ban taɓa ƙura wa fuskar yarinyar nan ido a gaban ubanta ba, ranar na tsaya ina kallon cikin ƙirjinta, ban ko ƙifta ba.

Ya nuna mana da bakin biro. Akwai bango da ya raba zuciya gida biyu, nata kuma yana da huda, jini na zurarewa ta nan yana cika huhu. Ya ce a ƙasar waje an fara toshe irin wannan huda ba tare da an tsaga ƙirji ba. Siririyar roba ake zurawa ta jijiyar cinya har ta kai zuciya, a buɗe wani abu kamar 'yar lema a bakin hudar, ya zauna daram. Sai dai ba kowace huda ke karɓar lemar ba. Dole a ga faɗinta, a ga ko tana da gefen da lemar za ta kama. Ya ce a ganinsa tata tana da shi. Akwai kuma wasu masu taimako da ke ɗaukar yara kaɗan su kai can, bayan damina za a tattara hotunan yara a aika musu su zaɓa.

Na'urar ta fitar da wata takarda mai sulɓi, ba ta fi tafin hannu ba. Ya miƙa wa maigidana.

"Malam, takardar injin nan ta kusa ƙarewa, ba zan iya fitar da biyu ba. A nan fayil yakan ɓace, gara ya zauna a hannunka. Ka dawo mini da shi bayan damina. Kada ruwa ya taɓa shi."

Ruwa kawai ya ambata. Na sha juya maganar nan a raina.

Da muka dawo gida sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Kowa ya san dubiya ba a hana ta, kuma labari ya riga mu isowa cewa an ɗauki hoton zuciyar mutum yana raye. Dangin Goggo suka zo daga Gadaka, ƙannen babana daga Danchuwa, matan unguwa kuwa ba a magana. Duk wadda ta zauna ta gama "ya mai jiki", sai ta ce a nuna mata. Goggo ce ke fito da shi daga cikin kwallarta, ta miƙa, ya bi hannu-hannu. Wata ta riƙe shi a kife tana salati. Wata ta ce ita kam kan ɗan maraƙi take gani. Ni ina bakin murhu, na juya musu baya, don bai kamata a ga uwa tana rawar jiki a kan 'yar fari ba. Sai sun watse nake ɗauko shi in duba, in nemo wurin da biron likita ya taɓa.

Kafin damina ta raba, takardar ta sha hannu. Ga jan goro a gefe, ga tabon man shanu, kusurwa ɗaya ta fara yagewa. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Goggo, wannan fa ba kayan lefe ba ne da za a yi ta nunawa." Ta dube ni ta ce, "Yau kuma ke ce ke magana a kan 'yar fari?" Ashe maigidana yana cikin zaure, ya ji.

Bai sanar da ni abin da ya ƙudura ba. Dama shi ba mai shawara da mace ba ne a kan abin da yake ganin alheri ne. A kasuwa ya ga direbobin da ke lodin shanu zuwa kudu suna sa wa takardunsu leda, irin wadda inji ke mannewa, ruwa ba ya shiga, hannu ba ya ɓatawa. Wata ranar kasuwa ya karɓi hoton daga wajen Goggo ya sa a aljihu.

Kafin azahar sai ga shi ya dawo, abin da bai taɓa yi ba ranar kasuwa. Ya tsaya a ƙofar ɗakina bai shigo ba. Ya miƙo mini wani abu mai ƙyalli, da sauran ɗuminsa. Ledar ta manne tsaf, gefunan a yanke daidai. Abin da ke ciki baƙi ne ƙirin daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya.

"Mai shagon ledar ya ce bai taɓa ganin haka ba," in ji shi. "Da fari ya shiga, da baƙi ya fito."

Na faɗa masa magana ranar, a gaban uwarsa, kuma ba zan maimaita ta a nan ba. Goggo ce kawai ta ce garin neman gira an rasa ido, ta shige ɗaki.

Washegari muka kama hanya. Likitan ya juya ledar gaba da baya, ya dafe kai. Ya ce wannan takarda ba tawada ke rubutu a kanta ba, zafi ne, shi ya sa zafin injin leda ya rubuce ta gaba ɗaya. Maigidana ya ce to a sake ɗauka, ko nawa ne. Likitan ya kai mu ɗakin nan mai sanyi, wanda yanzu ba sanyi. An lulluɓe na'urar da zanen gado. Wani abu ya ƙone a cikinta, ana jiran a kawo daga waje. Ya rubuta bayanin abin da ya gani da hannunsa ya haɗa da na sauran yaran. Amsar da ta dawo ita ce ba sa zaɓar yaro sai sun ga hudar da idonsu.

Damina biyu muka yi muna zuwa muna dawowa. Yau a ce kayan na hanya, gobe a ce sun zo ba su dace ba. Mun gwada wani gari, aka ce mai duba yara ya bar ƙasar. A tsakanin nan leɓunanta suka fara duhu. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta zauna ta huta.

Da aka gyara na'urar muka koma. Likitan ya daɗe yana kallon allo, bai ɗauko biro ba. Ya ce huhun ya gaji da jinin da ake tura masa, ya taurare, yanzu jinin ya juya yana bin hudar ta baya. Idan aka toshe ta a haka, shi ne zai kashe ta. Na tambaye shi da a ce hoton farko ya tafi fa? Ya ce Allah ne masani, ba lallai su zaɓe ta ba. Na san ya faɗa ne don maigidana, wanda ke tsaye a jikin bango yana kallon takalmansa. Wannan karon bai fitar mana da takarda ba, mu ma ba mu roƙa ba.

Ta rasu da damina, tana shekara takwas, da hantsi, kanta a cinyar Goggo. Ina tsakar gida mata suka fara shigowa, kuma ko a ranar ana kallon ko zan yi kuka a bainar jama'a. Ban yi ba. Baƙin cikin bai fita ba, ya zauna, har yau yana nan.

Maigidana ya ci gaba da zuwa kasuwa, amma ban sake jin ya yi wa kowa alfahari da idonsa ba. Har ya koma ga Allah ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Ba mu taɓa kai yarinyar nan wajen mai hoto ba. Shi bai damu da hoto ba, ni kuma ba ni da bakin cewa a ɗauki 'yar fari. Yanzu fuskarta ta fara ɓace mini, sai in rufe ido in ga ta ƙaninta. Abin da ya rage mini shi ne baƙin katin nan. Rufin ɗakina ya yi yoyo a kansa, gara ta ci kwalin da yake ciki, jikoki sun yi wasa da shi. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ledar mai kyau ce.