Hannuwan Sale da Na Danne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sale, kuma abin da nake fatan da ban yi ba shi ne abin da aka yaba mini a ranar. Na riƙe hannuwansa biyu lokacin da yake gargara. Mutanen da ke ɗakin suka ce Allah ya bar zumunci. Sale kurma ne tun haihuwa, da hannu yake magana. Sai bana na gane cewa bakinsa na toshe.

A Barkiya aka haife mu. Mahaifinmu ya rasu Sale yana ɗan shekara bakwai, riƙonsa ya dawo wurina. Wata rana wani malami ya zo daga Kurfi yana neman yara kurame da za a kai makarantarsu. Na ce masa ni mai ji ma aji huɗu na yi na dawo gona, to me wanda ba ya ji zai koyo? Malamin ya tafi da Hadi, ɗan maƙwabcinmu. Sale ya tsaya bakin hanya yana kallonsu har suka ɓace. Na ja shi muka tafi noman gero.

Hadi ne ya riƙa dawowa hutu yana koya masa maganar hannu irin ta makaranta. Da muka koma Dutsin-Ma na kama sana'ar hatsi, Sale ke ɗinke mini buhuna, amma duk ranar kasuwar Kurfi ba ya fashi. Sau ɗaya na gan su a rumfar da Hadi ke gyaran keke. Kurame ne cike da benci, Sale na tsakiya yana ba da labari, suna ta kwasar dariya. Ban taɓa sanin ƙanena mai barkwanci ba ne. A gida abin da ke tsakaninmu bai wuce zo, tafi, ci, salla ba. In akwai baƙi ya ɗaga hannu, sai in buge hannun don kada a yi mana dariya.

Ranar da ciwonsa ya tsananta, Hadi ya zo tun da hantsi. Zaure cike da surukai da limamin unguwa. Kunya ta kama ni, na yi masa alama ɗaya daga cikin huɗun da na iya: tafi. Bai tafi ba, ya koma gindin bedi ya zauna. Bayan la'asar Sale ya fara taɓa girarsa ta dama da yatsa biyu, sannan ya juya dunƙulen hannu. Ya yi ya sake, yana kallon ƙofa. Na ɗauka zafin fitar rai ne. Na danne hannuwan a kan ƙirjinsa, na kafa baki a kunnensa ina laƙanta masa kalmar shahada da ƙarfi, kunnen da bai taɓa jin komai ba.

Alamar nan ba ta bar ni ba. Na yi ta tsoron ko wasiyya ce, ko amanar wani ce a wuyansa, ko Allah ya isa yake mini. Tsoron amsar ya hana ni tambaya. Sai bana da kunnena ya fara nauyi. Jikokina su yi magana su yi dariya, in tambaya, su ce ba komai Baba. Haka na riƙa yi wa Sale. Na shiga mota na tafi Kurfi.

Hadi ya yi furfura, yana nan a rumfarsa. Na kwaikwayi alamar a gabansa. Ya daɗe yana kallona. Ya nuna tabon da ke girarsa, ya juya fedar keke, sannan ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwali:

"Sunana ne. Ni yake kira."

Ya ƙara rubuta cewa sun yi alkawari tun suna samari, duk wanda ajali ya fara zo wa, ɗayan zai tsaya daidai idonsa ya ɗaga yatsan shahada don ya bi. Na karɓi biron na rubuta masa, ko Sale ya taɓa kai ƙarata wurinsu? Ya karanta, ya mai da biron aljihu, ya ci gaba da aikinsa.

Yau kurame na hira da juna ta hoton waya, akwai mai fassara a gefen talabijin, har na ji wasu masallatan ana fassara musu huɗuba. Da Sale ya kai wannan zamani, ina jin ko barci ba zai bari abokansa su yi ba don surutu. Da kuma na bar shi ya bi malamin nan, da ya rubuta mini abin da yake so da yatsa ko a ƙasa ne.

Abin da ya fi firgita ni shi ne, na tuna na ji yatsa ɗaya na motsi a ƙarƙashin tafina, na ƙara dannewa. Ban sani ba ko shahada yake son ɗagawa. Ina kyautata zaton Allah ya ga abin da na hana mutane gani. Amma malamai sun ce ranar hisabi hannuwa za su yi magana. Na Sale sun iya tun a duniya, kuma a ranar ba mai buge su.

A Kurfi har yau ba a manta da shi ba. In sun tuna shi, sukan yi alamar sunansa, wato allura tana huda buhu, su yi murmushi. Hadi ya koya mini, ita ce alamata ta biyar.

Ina roƙon mai karatu, in akwai kurma a gidanku, ku kai shi makaranta, ku koyi maganarsa, ku bar mutanensa su shigo. In kuma lokacinsa ya zo kuna kusa, don Allah ku sakar masa hannu.